Rigar shayarwa ta saye da ta tela: wacce ta iya da yaro mai gudu?

Duk rigar shayarwar da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp, hotonta ɗaya ne: mace zaune a kujera, jariri kwance a hannunta ko motsi ba ya yi. Nawa yaron ya haura shekara ɗaya da rabi. Da ƙafarsa yake zuwa, ya haye cinya ba sallama, ya cusa hannu ta wuyan riga, in ya ji ƙarar babur a waje ya waiga da nonon a bakinsa. Da shi na auna riguna biyun da nake sawa tun bara, ɗaya ta saye wadda aka kawo daga waje, ɗaya ɗinkin telarmu a nan Garwa, arewacin Kamaru.

Na saba jin "har yanzu ba ki yaye shi ba?", don haka bari in gama da wannan tukuna. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika shayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF su ma abin da suke cewa ke nan: nono zalla wata 6, sannan a haɗa da abinci a ci gaba har shekara 2 ko fiye. A shekara ta biyu nono yana iya ɗaukar har kashi ɗaya cikin uku na abin da jikin yaro ke buƙata. Ni dai na ga amfaninsa a daminar bara, da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi. Ya ƙi kunu, ya ƙi shinkafa, ko cokali ya gani sai ya kau da kai, amma bai ƙi nono ba.

Matsalar ita ce babu wanda ya yi tanadin mace mai shayar da babban yaro. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14, da damar shayarwa da ba ta wuce awa ɗaya a rana ba, har yaro ya kai wata 15. Daga nan dabara ta rage ga mai shiga rijiya. Yanzu da safe yake sha, da in na taso daga aiki, da dare, sai kuma duk inda muka fita tare: gidan suna, layin awo a asibiti, cikin motar Marwa. A irin wuraren nan ne riga take nuna halinta.

Ta sayen, a hannun wata mai talla a WhatsApp na karɓe ta, sefa 9,000. Yadi ne mai miƙewa, ƙirjin ninki biyu, ki ɗaga na sama sai ga kafa a na ƙasa. Zan faɗi gaskiyarta: da hannu ɗaya ake buɗe ta, ba ta son guga, kuma a sanyin Disamba da Janairu na ji daɗinta ƙwarai. Da a ce ina jego ne, a ɗaki, da jaririn da ba ya iya ɗaga hannu, da na yaba mata ba ja.

Sai Maris ya shigo. Wanda ya san Garwa ya san zafin bakin Binuwai a Maris da Afrilu, ma'auni yakan haura 40. Yadin nan ba auduga ba ne, ba ya shan gumi, ga ninki biyu daidai inda mace ta fi yin zufa. Kafin azahar ji nake kamar an naɗe ni a leda. Ƙurajen zafi suka feso mini a ƙarƙashin nono, kuma ƙarnin nono yana kama yadin, ko an wanke in gumi ya taɓa shi sai ya dawo. Ga ta gajera, iyakarta ƙwauri, sai na sa siket a ciki, zafi kan zafi.

Babban aibinta a wajena shi ne sauƙin da ake yabonta da shi. Abin da uwa za ta buɗe da hannu ɗaya, ɗan wata ashirin ma zai buɗe. A gidan wani biki a Yelwa, ina tsaye muna gaisawa da ƙanin maigidan, kawai na ji iska a ƙirjina. Yaron da ke saɓe a kafaɗata ya ɗage ninkin. Allah ya so mayafina babba ne. In kuma na goya shi, zanin goyo yakan nannaɗe ninkin sama ya tattare shi, sai in yi ta gyara a hanya. Yanzu bakin kafar ya saki don yawan ja, ta zama rigar kwana.

Ta biyun kuwa atamfar 8 ga Maris ce, irin wadda masaƙar CICAM ke bugawa don ranar mata, na ajiye ta ban ɗinka ba. Auduga ce, kuma mu nan arewa muke noma ta, ga hedikwatar kamfanin auduga na SODECOTON a garinmu, amma mu tafi muna sayen roba da tsada. Na kai wa telarmu, wata baiwar Allah da ke ɗinki a cikin gidanta, na ce doguwar riga nake so mai zif biyu a ƙirji. Ta dube ni ta ce, "Yaya, yaron naki yana tafiya?" Na ce har gudu. Ta ce, "To zif ɗin daga ƙasa zai buɗe zuwa sama."

Wannan shawarar ita ce rigar gaba ɗaya. In zif yana rufe, kansa yana ƙasa, ɓoye a cikin ninkin da ta yi daga kafaɗa zuwa ƙugu. Yaro ya iya jan abu ƙasa, amma tura shi sama ta cikin ninki yana ba shi wuya, kafin ya yi na riga na kama hannun. In ma zif ɗin ya zame da kansa, rufewa yake yi. Saman ƙirji kuma a rufe yake ko ana cikin shayarwa. Kafar ba ta fi santimita 20 ba, kan yaron ya isa ya tare ta. Wannan ya fi mini komai, don duk mai babban yaro ta san ba ya yarda a lulluɓe shi da hijabi. Minti ɗaya ya yi yawa, zai yaye shi ya jefar, shi yana son ya sha yana kallon duniya.

Wasu ƙananan abubuwa da ta yi waɗanda sai daga baya na gane hikimarsu. Zif ɗin roba ta sa mai ƙananan haƙora, ta ce na ƙarfe yana ɗaukar zafin rana kuma yana kartar kumatun yaro. Ta bayan zif ɗin ta ɗinka ƙyalle mai laushi, faɗin yatsa biyu, don kada ya cije fata. Ta kuma ce in zo awo da yamma bayan na taso aiki, lokacin da nono ya cika, ba da safe da ya gama sha ba. Kuɗin ɗinki da zif biyun duka sefa 4,500 ta karɓa. Wanda bai sani ba, gani zai yi ado ne kawai aka yi wa gaban rigar. Zanen atamfa kuma yana ɓoye danshi in nono ya tsiyaya, saɓanin baƙar abaya da ke bushewa da farin tabo.

Rigar telar ma ba a rasa ta da abin faɗa. Rufewa sai da hannu biyu, ɗaya ya riƙe yadin ɗaya ya ja, kuma in yaro ya yi barci a hannu wannan aiki ne. Ƙurar hunturu da sabulun wanki suna sa zif ɗin ya yi tauri, sai na goga masa kyandir yake sakin jiki. Kada a sa wa gaban rigar sitaci, ninkin zai miƙe tsaye ya tona asirin zif ɗin. Kuma duk kyan ɗinkin, in rigar maman da ke ciki ba mai ɓallewa ta gaba ba ce, wahalar banza aka yi. Masu ƙarfe a ƙasa kuwa na daina sa su tun da suka fara tara mini ƙullutu mai ciwo.

Ba na salla da ko ɗaya a cikin rigunan biyu. Malamanmu na Malikiyya sun yi rangwame ga mai shayarwa kan abin da ya taɓa tufarta na fitsarin yaro in dai tana ƙoƙarin kiyayewa, amma sun so ta ware tufar salla daban. Ina da tawa a rataye a bayan ƙofa, da wata a jakar aiki.

Surukata da ta ga rigar sai da ta juya ta ciki da waje. Ta ce, "Ke 'yar nan, mu da zani ɗaya muka shayar da su goma, ba zif ba maɓalli." Na ce, "Haka ne Inna, amma ku ba ku hau babur zuwa ofis ba." Ta yi dariya. A cikin gida gaskiyarta ce, har gobe babu abin da ya kai buba da zani, kuma wadda ba ta cika fita ba kada ta ɓata kuɗinta. Mai jego a lokacin sanyi, ta sayen za ta yi mata. Wadda ɗanta ya fara tafiya kuma take shiga mutane, ta kai atamfarta wajen tela.

Na koma wa telar da leshin salla na ce ta yi mini irinsa, ta ƙi. Ta ce leshi mai huji ba ya riƙe zif, zai yage a bakin ɗinkin, sai dai a yi masa shafi mai kauri, kuma zafin da na gudo shi zan koma. Mun tsaya a kan shadda mara nauyi, za ta bi layin ninkin da aikin zare, ta kuma ƙara aljihu a gefen dama inda zan riƙa sa ƙyallen goge baki.