Ɗigon tsatsa a fentin mota: yadda ake cire shi a Jamus, da abin da zai yiwu a gida

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ya taɓa sayen farar mota 'yar Beljiyam ya san waɗannan ɗigo-ɗigon masu ruwan goro, ƙanana kamar kan allura, da ke fitowa a ƙofar but da ƙasan ƙofofi. A wanke da omo, suna nan. A kai wa mai fenti, ya ce jiki ya fara ci, sai an kankare an sake feshi. Sau da yawa kuɗin nan a banza ake kashe shi, domin ƙarfen motar lafiyarsa ƙalau. Tsatsar baƙuwa ce, daga waje ta zo.

Jamusawa suna kiranta Flugrost, wato tsatsa mai tashi a iska. Ɓurɓushin ƙarfe ne ke sauka a kan fenti ya maƙale, raɓa ko ruwan sama ya taɓa shi, sai ya yi tsatsa a inda yake. Mafi yawansa daga birki yake fitowa, naka da na motar da ke gabanka, tunda faifan birki ƙarfe ne kuma kowace takawa tana gurzar shi. Akwai na layin dogo: motoci da yawa a kan jirgin ƙasa ake kai su tashar ruwa irin ta Bremerhaven, kuma ƙafar jirgi tana cin dogo tana watsa ƙura. A hunturu ga gishirin da ake zubawa a titi saboda ƙanƙara, shi kuwa gishiri abokin tsatsa ne. Shi ya sa a watan Maris da Afrilu fararen motocin nan Jamus suke fitowa da ɗigo kamar an yayyafa musu barkono. A gida ba mu da gishirin titi, amma muna da mai walda. Motar da ta wuni a gareji kusa da inda ake gurza ƙarfe tartsatsi na tashi za ta kwashi abin da ya fi na hunturu guda, kuma nasa ya fi muni saboda da zafinsa yake sauka ya nutse cikin fenti, har gilashi yakan ɓata.

Kafin a sayi komai, a tabbatar da cutar. Duba bamba. Roba ce, ba ta tsatsa, don haka in akwai ɗigon a kanta, daga waje ya zo. Sannan bayan wanki ka sa hannu cikin siririyar leda ka shafa fentin a hankali. In ka ji kamar yashi, ɓurɓushin ne. In kuwa fentin ya kumbura ya yi ƙuraje, ko dutse ya fasa shi har ƙarfe ya bayyana, wannan tsatsar gaske ce, aikin mai fenti ne, babu ruwan feshin da zai warkar da ita. Baƙin ɗigo mai danƙo kuma kwalta ce, ɗan kananzir a tsumma ya ishe ta.

Babban bambancin Jamus da gida shi ne a nan ana samun maganin a shaguna. Shagunan kayan gini irin su OBI da Bauhaus, da na kayan mota irin ATU, suna da sashen gyaran fenti, ga kuma intanet. Sonax da Koch Chemie na Jamus ne, Bilt Hamber na Ingila, akwai kuma IronX na CarPro. Kwalbar rabin lita takan kama Yuro 10 zuwa 20. Yawancinsu sinadari ɗaya suke ɗauke da shi, tayogilaikolet, dangin wanda ake sa wa man cire gashi. Yana narkar da tsatsar ya saki ɓurɓushin, kuma da ya haɗu da ƙarfe sai ya rine ya dinga gangarowa kamar ruwan zoɓo. Warinsa na ruɓaɓɓen ƙwai ne, kada a buɗe shi a rufaffen gareji.

Aikin da kansa ba wuya, kuskure ne ke da sauƙi. A fara da wanki sosai, a ɗauraye yashi da ruwa mai ƙarfi kafin soso ya taɓa jiki. A tsaya a inuwa, jikin motar ya yi sanyi, a sa safar hannu. A fesa ƙofa ɗaya ko biyu, ba motar duka ba, a jira minti 3 zuwa 5, a ɗan shafa da soso mai laushi, a ɗauraye da ruwa mai yawa har cikin lunguna. Inda ɗigo ya rage a maimaita. Rabin lita yakan ishi ƙaramar mota har da wili. Abin da ke ɓata aikin shi ne barin maganin ya bushe: yana barin zane-zane a fenti da robar gefen gilashi, wasu sai da folish suke fita. A Hamburg mutum yana da mintunansa biyar cif. A Kano ko Maraɗi cikin Afrilu, bonet da ya sha rana zai busar da shi kafin ka zagayo, saboda haka bayan asuba ko dab da magariba ne lokacinsa, kuma ƙofa ɗaya-ɗaya.

Bayan magani sai laka. Wata roba ce mai laushi kamar cingam, ana sayar da ita giram 100 ko 200. A yanki kamar giram 30, a murza ta yi faɗi, a jiƙa wurin da ruwan sabulun mota sosai, a goga gaba da baya a fili kamar taku ɗaya, ba tare da dannawa ba. Da farko za ka ji tana kamawa, can sai ta dinga sulɓi. Wurin ya fita ke nan. A ninke ta a koma gefe mai tsabta. In ta faɗi ƙasa a jefar, ko da sabuwa ce, don ƙwayar yashi guda za ta zane ƙofa daga sama har ƙasa. Masu fara laka kafin magani su ma suna jan ɓurɓushin ƙarfe ne a kan fentinsu. Baƙar mota takan ɗan dushe bayan laka, sai an bi da folish mai laushi. Daga ƙarshe a shafa kakin mota, tunda aikin ya tafi da wanda ke kai, kuma fenti tsirara ya fi saurin kama sabon ɗigo.

Dalilin wannan lallaɓawa shi ne fatar fenti ta sama mai sheƙi yawanci ba ta wuce maikron 40 zuwa 50 ba, ba ta kai kaurin gashin kai ba. Samfefa ko soson ƙarfe zai cire ɗigon, ya tafi da rabin fatar, bayan shekara rana ta ƙarasa sauran. Ruwan batir da ruwan wanke masai su ma suna cin tsatsa, amma suna shiga gaɓoɓin ƙarfe su haifar da ta gaske.

Ta fannin aikin hannu kuwa gida ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. A nan Jamus mai gyaran fenti sai an nemi rana tukuna, kuma wanki da laka da folish na mota ɗaya yana cin ɗaruruwan Yuro, shi ya sa kowa ke koyon yi da kansa. Ga doka: garuruwa da yawa sun hana wanke mota a bakin titi saboda ruwan datti, sai a rumfar wanki mai karɓar tsabar kuɗi, wasu rumfunan ba su yarda ka zo da naka magani ba, wasu jihohin ma ba a wanki ranar Lahadi. Mai wankin mota na gida yana da hannu da haƙuri da araha, kaya da bayani ne ba su kai gare shi ba.

Mai son aike gida, laka ta fi dacewa da jaka: ba nauyi, ba ta zuba, a dai ɓoye ta daga rana. Ruwan feshin gara ya biyo kwantena, a ɗaure bakinsa cikin leda biyu, don in ya zube a kaya warin ba ya fita. In bai samu ba, masu sayar da kemikal suna da garin asid ɗin okzalik, wanda da shi ake wannan aiki tun kafin na kwalba. Giram 30 zuwa 50 a lita ɗaya ta ruwa, a shafa da soso, minti kaɗan a ɗauraye. Ba ya rina, don haka da leda za ka gane ya ci. Guba ne, a kiyaye ido da yara, kuma a fara gwada shi a ƙasan bamba, a nisanta shi da wilin alminiyam marar fenti.