Kafin ka saka hoton motarka a Haraj, da me za ka rufe lambar?

A Jidda da Makka yanzu cinikin mota a waya yake farawa. Ka wanke mota, ka ɗauke ta hoto, ka zuba a Haraj, shafin saye da sayarwa na Saudiyya, sai kira ya fara shigowa. Abin da mutanenmu da yawa ke mantawa shi ne lauha, wato lambar motar: haruffa uku da alƙaluma, Larabci a sama, boko a ƙasa, ɓaro-ɓaro. Idan wani ya kwafe ta ya liƙa a mota irin taka, lamba kyamarar Saher, mai kama masu laifin tuƙi, take karantawa, tarar kuwa a Absher ɗinka, manhajar gwamnati, za ta sauka. Kai ne da zaryar ƙorafi.

Hanyar da aka fi bi ita ce alƙalamin waya, a ja zane a kan lambar. A nan na taɓa yin kuskure lokacin da zan sayar da tsohuwar Camry ɗina. Na zaɓi alƙalamin nan mai faɗi na haskaka rubutu, na goga baƙi sau biyu, a idona lamba ta ɓace. Wani ƙanena ya karɓi hoton ya ƙara masa haske, sai ga alƙalumana huɗu sun leƙo ta ƙarƙashin baƙin. Tawadar wannan alƙalami shara-shara ce. In za ka bi ta waya, ɗora akwati mai kala ɗaya cif, ko sitika ta WhatsApp wadda ta rufe lauhar gaba ɗaya, sannan ka ɗauki hoton allon wayar, shi za ka saka.

Dishi-dishi, wato a dusashe lambar, ya fi kyau a ido amma ban yarda da shi ba. In bai yi kauri ba ana iya cankar haruffan. Manhajojin da ke neman riyal a kan wannan aiki kuwa ban ga dalilin biyansu ba, sai dai ga mai ma'arad, wato wurin sayar da motoci, da ke saka motoci da yawa kullum.

Ni dai zaɓina kwali ne. Ka yanka guntun kwali daidai girman lauha, ka manna da salatif gaba da baya, ka rubuta sunan da kake amfani da shi a Haraj. Babu abin da za a tono daga hoton, tunda lambar ba ta shiga ba tun farko, kuma har a bidiyo yana aiki. Sunan nan ma yana wahalar da masu satar hoto su sake tallata motarka su karɓi arbun, wato kuɗin kafin alƙalami, a hannun bayin Allah. Tsumma ko yatsa a gaban kyamara suna rufewa, sai dai suna sa mai saye ya ɗauka sakaci ne halinka, ya fara taya motar da arha. Ka dai cire kwalin kafin ka tayar da mota, domin hawa titi da lauha a rufe babban laifi ne a wurin murur, 'yan sandan hanya.

Kafin ka danna turawa, ka sake duba hoton da kyau: lambar motar maƙwabci, inuwar lauha a gilashin shago, lambar shasi a gindin gilashin gaba, ƙofar gidanka. Istimara kam, wato takardar rajistar mota, kada hotonta ya hau ko kusa.

Wanda ya zo da gaske, ya ga mota ido da ido, shi ne za ka nuna wa istimara da takardar fahas, wato gwajin lafiyar mota, ka ba shi lambar shasi ya ciro rahoton Mojaz na tarihin motar. In kun daidaita, kada makulli ya bar hannunka sai an kammala naƙalin mulkiyya, motar ta fita daga sunanka.