Akori-kura ko ƙaramar mota?

Manomin Taura da ya sayar da riɗinsa ya tasam ma sayen mota, wacce zai ɗauka?

Ƙaramar mota irin Corolla ba ta shan mai sosai, kuma wannan abin dubawa ne tun da aka cire tallafin man fetur a 2023. Kayan gyaranta suna nan jibge a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, kusan kowane bakanike ya san cikinta. Amma ƙasa-ƙasa take. Da damina, a hanyar burji mai kwazazzabai, za ka ji cikinta yana gurzar ƙasa, ga salansa tana rangaji.

Akori-kura irin Hilux ta fi tsada, ta fi shan mai, tayoyinta ma kuɗi ne. Sai dai tana ciyar da kanta: ta kai buhunan gero kasuwar Gujungu ranar Lahadi, ta ɗauki raguna zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ta shiga fadama ta fito.

Ni dai ga manomi, akori-kura nake zaɓa. Malamin makarantar da ke bakin kwalta kuwa, Corolla ta ishe shi. Kowacce ce, ka je da bakanikenka, kuma ka ga takardar kwastan kafin ka biya.