Birkin hannun tsohuwar Land Rover ya cije: me za ka saya tukuna?

Da damina, in ka ratsa ruwa a hanyar Madarumfa, ka dawo gida ka ja birkin hannu, motar ta kwana biyu a ajiye, kada ka yi mamaki in ka sauke birkin motar ta ƙi motsi. Masu Land Rover irin ta da, wato Series III da aka ƙera daga 1971 zuwa 1985 da yayyenta, sun san wannan ciwo. Birkin hannunta ba a tayoyi yake ba. Tambur guda ne, wato gangar ƙarfe mai takalman birki a ciki, a bayan ƙaramar giya mai raba ƙarfin inji ga tayoyin gaba da na baya, daidai inda firofelar baya ta fito, wurin da laka da yashi da mai suke haɗuwa.

Yawancin mutane takalmin birki suke fara nema a shago, alhali sau da yawa ba shi ne mai laifi ba. Ka sa dutse a tayoyi, makanike ya shiga ƙasa ya cire sandar da ta haɗa hannun birki da tambur. In tambur ya saki nan take, matsalar a mahaɗan sandar take: tsatsa ce, kananzir da ɗan giris sun wadatar, ba ka sayi komai ba. In bai saki ba, sai a buɗe.

A ciki akwai ƙarfen da ke tura takalman su buɗe, da sifirin ɗin da ke jawo su su koma. Sifirin in ya gaji ba ya gyaruwa, kuma shi ne mafi araha, don haka ka sayi sabo. Ƙurar da za a tarar a ciki kuwa kada yaron gareji ya hure ta da baki, tsofaffin takalma na iya ɗauke da asbestos mai lalata huhu.

Inda kuɗi ke zurarewa shi ne in an ga takalman sun jiƙe da man giya. Robar da ke tare mai a bayan ƙaramar giya ce ta mutu, man ya haɗu da ƙura ya zama danƙo. Wanda ya sa sabon takalmi ya bar tsohuwar roba zai dawo gareji kafin kaka. A nan ban yarda da araha ba: ka nemi roba mai kyau, a duba ko ƙarfen da take runguma ya yi zanen ci, a kuma buɗe ƙofar numfashin giyar, domin in ta toshe ita ke turo man waje.

Takalmin kansa fa? Sabo na kwali ya fi kwanciyar hankali, sai dai na kwaikwayo ya yi yawa, wani lanƙwasarsa ba ta zauna daidai da tambur, sai ya riƙa gogawa. Ka je shago da tsohon a hannu ka gwada su baki da baki. Sake wa tsohon takalmi fata a wurin masu ƙusa ya fi sauƙin kuɗi, kuma ga birkin da aikinsa riƙe mota a tsaye ne, ni ina ganin ya isa, muddin fatar ba ta yi kauri ba.

Akwai masu sauka Kano ta Ɗan Isa da Jibiya su ɗauko tambur ɗin dukansa na hannu a Ƙofar Ruwa. Wannan sai in naka ya tsage ko ya cinye sosai, domin na hannun ma shekarunsa ɗaya da naka. Na faifai da ake yi a Ingila don maye gurbin tambur ba ya tara laka, amma kuɗinsa da na kawo shi sun yi wa motar ɗaukar buhunan gero daga Dakoro yawa.

Bayan an haɗa, a ɗaure ƙusar saiti har tambur ya cije, a sassauta kaɗan ya juya da hannu. Ka yi ƴar tafiya ka kai hannu kusa da shi: in da zafi, bai saki ba tukuna.