Sharhi kan injin zarton hannu mai faifai bayan na yi aiki da shi a Kaduna

Injin zarton hannu mai faifai, wanda yawancin kafintoci suke kira injin yanka katako, ya zama ruwan dare a shagunan kafintoci da wuraren rufin gini a Kaduna, kuma kamfanoni da dama suna ƙera shi, irin su Makita da Bosch da Ingco da Total, dukkansu masu siffa kusan iri ɗaya. Wanda nake aiki da shi na saye shi ne a kasuwar Panteka. Faifansa milimita 185 ne, ƙarfinsa wat 1,400, nauyinsa kimanin kilo 4, kuma an rubuta a jikinsa cewa yana juyawa sau 5,000 a minti guda. Na yi damina da shi, na yi hunturu da shi, a shago da kuma wajen aikin rufi, saboda haka ina ganin na san halinsa gwargwadon da zan iya yin magana a kansa.

Ta fuskar aiki ba ni da ƙorafi mai yawa. Yana ratsa katako mai kaurin milimita 60 da ɗoriya idan faifan yana tsaye, wato yana yanke tu-bai-fo (katako mai inci 2 da 4) da tu-bai-tu (mai inci 2 da 2) da falanki a wucewa ɗaya, sai dai katako mai kaurin inci 3 dole ne a juya shi a yanka ta ɓangarori biyu. Idan aka karkata tafin injin, wato shimfiɗaɗɗen ƙarfen da yake zama a kan katako, zuwa digiri 45 domin yankan kusurwa, zurfin yana raguwa sosai, kuma wannan haka yake a duk injin da ke da faifai mai wannan girma. Malaina da sauran katako masu laushi ba sa ba shi wahala ko kaɗan. Maɗaci busasshe kuwa yana so a bi shi a hankali, kuma mutum zai ji sautin injin yana sauyawa idan ya matsa masa fiye da kima. Aikin da a da yake cinye mana safiya da zarton hannu, yanzu kafin rana ta yi zafi an gama shi, kuma yankan ya fi miƙewa idan aka ɗaure masa madaidaicin falanki ya bi gefensa.

Abin da ya fi damuna, kuma shi ne dalilin wannan rubutu, shi ne yadda ake riƙon injin nan da sakaci. Idan aka yi lissafi, faifai mai faɗin milimita 185 da ke juyawa sau 5,000 a minti, bakinsa yana gudun da ya haura kilomita 170 a awa, kuma idan haƙoransa 24 ne, to haƙori 2,000 ne suke wucewa ta wuri ɗaya a cikin daƙiƙa guda. Babu hannun ɗan Adam da zai iya janyewa kafin irin wannan gudun ya yi masa lahani. Duk kariyar da mutum zai samu sai ya tanade ta kafin ya taɓa makunni.

Kariya ta farko ita ce murfin ƙasa, wato ƙarfen nan mai lanƙwasa da yake rufe rabin faifan, yana buɗewa da kansa idan ya taɓa katako, yana kuma komawa da ƙarfin sifirin da zarar an ɗaga injin. Murfin injina yana komawa da sauri, har ana jin ƙararsa idan ya rufe, kuma wannan yana cikin abubuwan da na fi yabawa a jikinsa. Sai dai ruwan katako ɗanye da dusa suna taruwa a mahaɗarsa su sa ya yi nauyi, musamman da damina, don haka kowace safiya kafin in jona wuta nakan ja shi da hannu in sake shi in ga ko ya rufe gaba ɗaya. Idan ya tsaya a rabi, ba a fara aiki sai an share shi. Abin takaici, a wuraren aiki da yawa za ka tarar an ɗaure murfin nan da waya ko an cusa masa guntun katako don ya zauna a buɗe, wai yana tare wa mutum layi ko yana rage sauri. Na taɓa tsayawa a wani gini da ake rufi a Rigasa, wani matashin kafinta ya gama yanka ya ajiye injinsa a kan siminti alhali faifan bai tsaya ba, murfin kuma a ɗaure. Haƙoran suka kama ƙasa, injin ya taho da baya a guje ya wuce ta gefen ƙafarsa, wadda silifa kawai ke cikinta, ya tsinke wayar kansa sannan ya tsaya. Na ce masa, “Ƙanina, don Allah kwance wayar nan.” Ya ce, “Oga, ai haka kowa yake yi.” Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ne abin tsoron, domin al'adar ta yi ƙarfin da har yaran shago suna ɗauka haka ake amfani da injin tun asali.

Bayan batun murfi, haɗari na biyu shi ne harbin baya, kuma shi ya fi buƙatar a fahimci yadda yake faruwa, saboda yakan zo ko da murfi yana aiki lafiya. Haƙoran gaban faifai suna tasowa ne daga ƙasa zuwa sama suna cin katako, na baya kuwa suna gangarowa cikin tsagar da aka riga aka yanka ba tare da sun ci komai ba. Idan tsagar nan ta matse, ko injin ya ɗan karkace, sai katako ya kama bayan faifan, ƙarfin motar kuma ba shi da inda za shi sai ya ɗaga injin ya jefo shi baya, wajen mai riƙe da shi. Wasu injuna suna da wani siririn ƙarfe a bayan faifai da ke hana tsagar rufewa, amma nawa ba shi da shi, kamar yawancin waɗanda ake sayarwa yanzu, don haka nauyin hana matsewar ya koma kan yadda aka ajiye katakon.

Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗora dogon katako a kan benci biyu ko bulo biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, sannan a yanka a tsakiya. Da zarar yankan ya kusa ƙarewa, ɓangarorin biyu suna lotsawa ƙasa, saman tsagar ya rufe ya cije faifan. Yadda ya dace shi ne a tallafi ɓangaren da ake so, a bar guntun da za a cire a sake yadda zai faɗi waje da kansa, faffaɗan ɓangaren tafin injin kuma ya zauna a kan wanda aka tallafa. Babban filawud mai ƙafa 4 da ƙafa 8 kuwa, na daina yanka shi a kan benci gaba ɗaya. Nakan shimfiɗa tu-bai-fo guda huɗu a ƙasa, biyu a kowane gefen layin, in kwantar da filawud ɗin a kansu, ta yadda idan faifai ya wuce babu ɓangaren da zai motsa, kuma fuskar da ake so ta fito da kyau ita ake kifawa ƙasa, tunda haƙoran ta sama suke fitowa suna tsattsage gefe. Ɗanyen katako, wanda ya yi yawa a kasuwa da damina, yana da nasa halin, domin idan ana tsaga shi a tsaye yakan murɗe ya rufe tsagar a bayan faifai, kuma maganin wannan shi ne a tsayar da inji a soka ɗan tsinken katako a cikin tsagar kafin a ci gaba. Tsohon katakon da aka ɓalle daga gini shi ma sai an bi shi an cire ƙusoshi.

Zurfin faifai yana da ruwa da tsaki a wannan batu. Mutane da yawa suna sauke faifan gaba ɗaya su bar shi haka ko da filawud mai milimita 12 za su yanka, alhali ƙa'idar da ke cikin takardar injin ita ce abin da zai leƙo a ƙarƙashin katako kada ya kai tsawon haƙori ɗaya. Idan faifai ya yi zurfi, yawan ƙarfen da ke cikin tsaga ya ƙaru, damar matsewa ta ƙaru, abin da zai iya samun gwiwa ko yatsa a ƙasa shi ma ya ƙaru. Makullin daidaita zurfi na injina yana riƙewa da kyau, amma lambobin da ke jikinsa ban dogara da su ba, na fi son in cire wuta in jingina faifan a gefen katako in gani da idona. Wajen yanka kuwa hannu biyu ake sa wa injin, katako a matse yake a jikin benci, ba a riƙe shi da hannu ko a danne shi da ƙafa ko a ɗora shi a cinya, mutum kuma ya tsaya a gefen layin faifai, yadda ko injin ya yi harbi ba zai same shi a ciki ko a cinya ba. Ana barin faifai ya kai cikakken gudunsa kafin ya taɓa katako, kuma ba a jan injin baya yana juyawa.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Babba a cikinsu shi ne rashin birki, domin bayan an saki makunni faifan yana ci gaba da juyawa na daƙiƙoƙi masu yawa, alhali injunan da ke da birkin lantarki suna tsayawa cikin kimanin daƙiƙa 2. Wayarsa gajera ce, wanda ke tilasta amfani da wayar ƙari a kusan kowane aiki, kuma mahaɗar wayoyin takan maƙale a gefen filawud a tsakiyar yanka, sai dai mutum ya rataya wayar a kafaɗa ta bi bayansa. Faifan da ya zo da shi ya dace da katakon rufi kawai, sai da na sayi mai haƙora 40 kafin na samu yanka mai tsafta a filawud. Wajen sayen faifai dole ne a duba ramin tsakiya, domin akwai na milimita 20 da 25.4 da 30, a duba gudun da aka rubuta a jikinsa kada ya gaza na injin, a kuma ɗaura shi kibiyarsa tana kallon inda kibiyar murfi take kallo. A nan zan ɗan kauce in yi magana kan masu ɗaura faifan zarto a jikin ƙaramin injin gurza ƙarfe don kada su sayi wannan. Injin gurza yana juyawa kusan sau 11,000 a minti, ba shi da tafin da zai zauna a kan katako, ba shi da murfi mai rufewa da kansa, kuma ban ga wani kuɗi da za a tsimi da zai kai darajar hannun mutum ba.

Sha'anin wuta ma sai an yi la'akari da shi. Inji mai wat 1,400 a kan wutarmu ta bolt 230 yana jan kimanin amfiya 6, kuma a lokacin tashi yana jan fiye da haka nesa ba kusa ba, saboda haka ƙaramin janareta na kunna fitila da fanka ba ya iya ɗaukarsa, ni da mai 2.5 kVA nake aiki. Siririyar wayar ƙari mai tsawo tana rage masa ƙarfi, motar ta yi zafi, faifan ya riƙa tsayawa a cikin katako. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar yanka, abu na farko shi ne a saki makunni, a bar injin a inda yake har faifai ya tsaya, a zare filogi, sannan idan wuta ta dawo a daidaita faifan a tsakiyar tsaga yadda haƙora ba sa taɓa katako kafin a sake kunnawa. Makunnin nawa yana da maɓallin da sai an danna shi da babban yatsa kafin ya kama, abin da ke hana shi tashi bisa kuskure idan an ɗauke shi, amma duk da haka ba na canza faifai ko gyara zurfi filogi yana jone.

Ƙarar irin wannan injin tana kaiwa desibel 100 ko fiye, alhali daga 85 ne masana suka ce doguwar zama a cikin ƙara tana fara lalata ji, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Muna da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da Cibiyar Ido ta Ƙasa duk a cikin garin nan, amma na fi so yaran shagona su san su da suna kawai, shi ya sa tabarau mai kariya da abin toshe kunne suke rataye a ƙusa ɗaya da jakar injin. Ƙurar katako ma ba abin rainawa ba ce, domin hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin abubuwan da ke haddasa cutar dajin hanci, injin nan kuwa yana feso ta ne ta gefe ba tare da jakar tara ta ba, don haka takunkumi ya zama dole, musamman wajen yankan allon MDF, wato wanda ake yi da matsattsen garin katako. Dogon hannun kaftani da bakin rawani da carbin da ke lilo a wuya duk sai an kawar da su, kuma ba na sa safar hannu mai sako-sako, saboda haƙori yana iya kama ta ya ja hannun ciki.

Ga kafinta mai aikin rufi ko ƙofa ko kabad, wanda yake da benci da abin matse katako da isasshiyar wuta, injin nan ya cancanci kuɗinsa. Ban ba wa maigidan da yake son yankan katako sau ɗaya a shekara shawarar ya saya ba, gara ya kai wa masu injin tebur a Panteka su yanka masa. Sabon yaron shago kuwa ba na ba shi shi sai ya daɗe yana kallo, ya iya shimfiɗa katako da daidaita zurfi ba tare da an gaya masa ba, sannan ya fara da gajeren yanka ina tsaye a gefensa. Idan lokacin sauya shi ya yi, in Allah ya yarda mai birki zan nema, ko da kuɗinsa ya ɗara na wannan.