Wace kujerar taga za ka zaɓa daga Kano zuwa Legas?

Kafin a zo kan hagu ko dama, a fara da fiffike. A jirage irin Boeing 737 da Airbus A320, layukan tsakiya suna bisa fiffike ne, kuma wanda ya zauna can zai kwashe kusan awa ɗaya da rabi yana kallon farin ƙarfe. Gaban fiffike ya fi ko'ina: ƙasa a buɗe, ƙarar inji kaɗan, sai dai wasu kamfanoni sukan caji ƙarin kuɗi a kansa. Bayan fiffike ma ana ganin ƙasa, amma iskar zafin da ke fitowa daga inji takan sa abin da kake kallo ya riƙa rawa kamar kwalta da tsakar rana, hoto kuwa ya fito dishi-dishi. Idan baya za ka zauna, matsa can wajen layukan ƙarshe, ka haƙura da girgiza da masu zirga-zirgar banɗaki.

A waɗannan jirage kujera A ce tagar hagu, F ta dama. Jirgin Legas kudu maso yamma ya nufa, saboda haka da safe rana tana dukan ɓangaren hagu, da la'asar ta koma dama. Tagar da rana ke duka ba ta kalluwa; duk wani ƙarce da ke jikin gilashin sai ya fito, kuma na kusa da kai zai roƙe ka ka ja labule. A lissafin rana kaɗai, F ce ta safe, A ta yamma, a dawowa kuma a juya.

Amma Legas ta ɓata wannan lissafi a jirgin safe. A filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja, galibi jirage suna fuskantar kudu ne wajen sauka da tashi, tafkin Legas da gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8 kuwa suna gabas, wato hannun hagu. Ni dai a jirgin yamma A nake zaɓa ba tare da wani dogon tunani ba, domin rana ba ta dame ni ba, ga birnin kuma a tagata. Kogin Kwara bai shiga gardamar ba, tunda tsallaka shi ake yi, kowane ɓangare na samun rabonsa.

Idan an ba ka zaɓi tsakanin babban jirgi da ƙarami mai farfela irin ATR 72 ko Dash 8, mai son kallo ya ɗauki mai farfela. Fiffikensa a saman jiki yake, kuma jirgin ba ya wuce ƙafa 25,000 a sama, alhali manya sukan haura 30,000. Gonaki da hanyoyi da rufin kwano duk suna fitowa sarai. Ya fi jinkiri da ƙara, shi ke nan.

Lokacin hunturu, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris, kada ka biya ko kwabo don taga. Hazo kan haɗiye Kano jim kaɗan bayan tashi. Tsakiyar damina gajimare ne ke rufe komai. Wajen Oktoba, ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta taso ba, ƙasa kuma kore shar, a nan ne ƙarin kuɗin kujerar gaba yake biyan kansa.