Wata huɗu da Todoist a teburin akawu

Aikin akawu nake yi a wani kamfanin rarraba kayan masarufi, kuma kafin na sauke Todoist, manhajar tsara jerin ayyuka, ayyukana a warwatse suke tsakanin bayan ambulan, saƙonnin WhatsApp da abin da maigida ya faɗa mini a tsaye yana shirin shiga mota. Wanda ya fi ɗaga murya, aikinsa nake fara yi. Manhajar, wadda Amir Salihefendić ya ƙirƙira a 2007, tana da tsarin kyauta mai rukunin ayyuka biyar, kuma shi nake amfani da shi har yau domin ya ishe ni.

Abin da ya riƙe ni a cikinta shi ne tutocinta guda huɗu. Idan mutum ya rubuta aiki ya ƙara p1 a ƙarshensa, sai ya zama ja. P2 ruwan lemo ne, p3 shuɗi, p4 kuwa ba shi da launi, kuma ana iya jera ayyukan ranar bisa wannan matsayi. A makon farko na yi wautar da ta kusa sa in goge ta, domin wata safiya na ƙirga ayyuka 14 na tarar 11 daga ciki na shafa musu ja, wato na kwaso hargitsin teburina ne kawai na zuba a waya. Laifina ne, tunda tuta ba ta san wane aiki ya fi wani nauyi ba sai an gaya mata.

Daga nan na kafa wa kaina doka cewa ja ba zai wuce uku a rana ba, kuma aiki ba zai samu ja ba sai in barinsa zuwa gobe zai jawo tara ko asarar kuɗi. Harajin albashin ma'aikata, wanda dole a biya zuwa 10 ga wata, da na VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kayan da aka sayar, da ake shigarwa zuwa 21 ga wata, na sa su suna dawowa da kansu kowane wata, kwana uku kafin wa'adinsu. Daidaita littafin kuɗi da bayanan banki kuwa, aikin da ba wanda yake kira a kansa amma yake tona asirin akawu a ƙarshen shekara, ya samu ruwan lemo da sa'a ɗaya ta farkon safiya, kafin direbobi su fara shigowa da rasit.

Manhajar tana karɓar rubutu ko da babu intanet, ta daidaita daga baya. Makin da take bayarwa idan an kammala aiki, mai suna Karma, na kashe shi, domin na lura ina tsintar ƙananan ayyuka don kawai adadin ya hau.

Amfanin da ban zata ba ya zo ne ta wajen maigida. A da idan ya ce a yi abu yanzu-yanzu, sai in saki na hannuna ba musu. Yanzu nakan juya masa wayar ya ga jajayen nan uku, in ce, "Ranka ya daɗe, wanne zan ajiye a cikinsu?" Sau biyu kawai ya zaɓi in ajiye ɗaya, sauran lokutan ya dubi jerin ya ce nasa ya jira bayan Azahar.